Nazarin lamari: Maman Abba, daga kwana 9 zuwa shekara guda

Wacece ita

Ƙanwata ce, 'yar ƙanen babana, kuma da izininta nake wannan rubutun, ta ce in rubuta amma kar in sa suna. Zan riƙa ce mata Maman Abba don shi ne sunan da ta fi so a kira ta da shi. Shekararta 21 lokacin da jaririnta na fari ya rasu yana kwana 9 da haihuwa, haifaffiyar Daura ce aure ya kawo ta Katsina, suna zaune wajen Ƙofar Marusa, mijinta yadi yake sayarwa a kasuwa. Ni ina koyarwa a Islamiyyar matan aure kuma tana cikin ɗalibaina. Ta yi sauka tun kafin aure, ba ta wasa da sallah, azumin Litinin da Alhamis ma tana yi. Na faɗi wannan ne don kar wani ya karanta abin da ke tafe ya ce ai dama can imaninta ne da rauni.

Cikin fari ne, ta je awo sau 5 ba a ga wata matsala ba. Da ya kai wata 8 aka maida ta Daura goyon ciki kamar yadda aka saba. Kafin ta tafi ina zaune a ɗakinta ta jera kayan jariri cikin akwati, riguna da huluna da safa da zannuwan goyo, ta watsa ƙwallayen kafur a tsakaninsu saboda kyankyasai, ni da kaina na miƙa mata ledar kafur ɗin.

Janairu 2024: kwana 1 zuwa 9

Ta haihu a asibiti cikin makon farko na Janairu, ana tsakiyar hunturu. Namiji, kilo 3.2, ya yi kuka ya kama nono, ranar aka sallame su.

Kwana 3 farin idonshi ya fara komawa ɗorawa. Manya suka ce shawara ce kowane jariri na yi, a riƙa shanya shi a ranar safe ana ɗiga mashi ruwan gulukos. Kuma gaskiya ne fiye da rabin jarirai na ɗan yin wannan rawayar a makon farko ta wuce da kanta, shi ya sa take yaudarar mutane, amma wadda ta yi tsanani rana ba ta maganinta gulukos ma haka, fitila ce ta musamman mai shuɗin haske ake sa yaro ƙarƙashinta a asibiti, in ta wuce nan sai an canza mashi jini. Kwana 5 rawayar ta sauko har ciki da tafin hannu. Ta ce ma mahaifiyarta "Inna ko a kai shi asibiti?" aka ce mai jego ina za ta da ɗanyen jiki cikin wannan sanyin, a bari suna ya wuce. Ba ta sake magana ba. Ɗan fari ne, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu, yarinya ba ta nuna ta damu da shi gaban iyaye, ko sunanshi ba ta faɗa.

Kwana 7 aka yanka rago aka sa mashi sunan kakanshi na wajen uba, ana ce mashi Abba. Ina wajen. Wuni guda yana barci ana ta karɓarshi hannu zuwa hannu ana cewa kai wannan yaro da haƙuri yake. Da daddare ya ƙi nono, ya riƙa wani siririn kuka mai tsini yana banƙarewa. Kwana 8 da safe aka kai shi asibiti, suka duba suka ce a wuce Katsina, tafiyar kusan kilomita 80 ta hanyar Mashi. An sa shi a fitila ana shirin canza jini, kwana 9 kafin kiran asuba ya koma.

Babanshi ne ya ɗauke shi a hannu cikin darduma, jariri ba a sa shi a makara. Kafin hantsi an kai shi maƙabartar Ɗanmarna an dawo. Ita ko hawaye ba ta yi ba gaban mutane, sai "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" da take ta maimaitawa, kowa na yaba mata.

Kwana 10 zuwa arba'in: abin da aka fara yi

Gaisuwar jariri ba ta daɗewa, kwana 3 an watse aka maida ta Daura ta ƙarasa wankan jego. Kullum safe da yamma ruwan zafi da ganye, ga kunun kanwa, duk hidimar jego ana yi amma babu ɗa. Nono ya cika ya yi tauri har da zazzaɓi, rigarta na jiƙewa, tana ɗaure ƙirji da zane. Ta ce mani daga baya wannan ya fi komai ci mata rai, jikinta bai san yaron ya tafi ba.

Abu huɗu aka yi mata a wannan lokacin, duk da kyakkyawar niyya. An kwashe kayanshi kaf an ɓoye tun kafin ta iso, ƙanenta ya karɓi wayarta ya goge hotunan suna. An hana ta kuka, duk sanda aka ga idonta ya yi ja sai a ce ki bari, hawayenki ƙona shi suke yi. Ana ta ce mata yarinya ce ke, Allah zai ba ki wani. Na huɗun kuma nawa ne, ranar da abin ya faru na riƙe hannunta na karanta mata hadisin da Annabi (SAW) ya ce haƙuri yana wajen bugun farko ne, na ce ki daure kar ladarki ta zube.

Ga wani abu da babu wanda ya lura da shi har ni mai koyar da fiƙihu. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce ki yi ta sallah kina kai ma Allah kuka, alhali tana cikin jinin biƙi, sallah ba ta hau kanta ba. A mazhabar Malikiyya jinin biƙi yana iya kaiwa kwana 60, nata ya ɗauke a kwana 33. Wato wata guda cur abin da ta saba gudu wajenshi in ranta ya ɓaci a rufe yake, kuma ba a zauna an ce mata addu'a da zikiri ba su da shamaki ba, har karatun Alƙur'ani da ka malamanmu na Malikiyya sun halatta ma mai biƙi. Sai ta zauna shiru kawai tana kallon bango.

Fabrairu zuwa Maris: ta dawo ɗakinta

Bayan arba'in aka maido ta Katsina. A ido ta warke, tana shara tana girki tana gaida mutane. Amma barcinta bai wuce awa 2 zuwa 3, tana farkawa ta ce ta ji kukan jariri. In an yi haihuwa a unguwa sai ta kulle ƙofa. Ta daina zuwa Islamiyya. Sallah tana yi a kan lokaci amma tana sallamewa take miƙewa, ba ta ɗaga hannu.

Tsakanin gidajen biyu kuma magana ta fara yawo, Hajiyar mijinta na cewa da a nan ta haihu da ba a yi wannan sakacin ba, mutanen Daura na cewa ai kwana ne ya ƙare. Duk a kunnenta. Mijin ya koma fita tun safe sai dare, in ya dawo ba ya ta da zancen, a ganinshi kar ya fama mata ciwo.

Da aka ji zancen kukan jariri sai aka ce iska ce ta shige ta a jego. Aka kawo mai ruƙiyya sau 3, ana karatu da ƙarfi a kunnenta ana cewa wanda ke ciki ya yi magana, ga hayaƙi ga rubutu. Babu wanda ya yi magana. Karatun Alƙur'ani waraka ne ba na ja da wannan, amma yadda aka yi shi tsoro ya ƙara mata, ta koma ba ta iya kwana ita kaɗai a ɗaki.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Ta ɗauka duka amma buɗa-baki dabino ne da ruwa sai ɗan kunu. Kafin ciki kilo 58 take, ƙarshen azumi 51.

A goman ƙarshe ne na je na same ta da daddare mijin ya tafi tahajjud, na ce ki tashi mu yi ko raka'a biyu mu roƙi Allah. Sai ta ce "Yaya, ni fa na roƙe Shi. Tun daga Daura har muka wuce Mashi har muka shigo gari ina roƙonShi, har muryata ta dishe." Tana gama faɗa ta toshe bakinta da hannu jikinta na rawa ta ce "Yaya na kafirta ko?" Daga nan sauran ya fito. Ashe ranar da aka kwantar da shi wata likita ta tambaya ko akwai kafur a kayanshi, ita kuma ta riƙe wannan tambayar wata biyu da rabi ba ta gaya ma kowa ba. Ta ce ni na kashe shi da hannuna, kuma na yi kuka a ɓoye na ƙona shi, kuma bugun farkon da kika ce ban san ko na ci ba.

Wallahi rasa abin cewa na yi. Abin da ya zo mani kawai shi ne hadisin da ke cikin Muslim, sahabbai sun zo sun ce ma Annabi (SAW) muna jin wani abu a zukatanmu da muke ganin girman furta shi, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Na ce mata tsoron nan da ya sa kika toshe baki, wanda ya bar Allah ba ya jin shi. Ta yi shiru, ban ga alamar ya shige ta ba a daren.

Afrilu: zuwan Gwaggo

Ƙaramar sallah ta kama 10 ga Afrilu. Kwana biyu bayan nan Gwaggo ta zo daga ƙauye, ƙanwar kakanmu ce ta haura 80, haihuwarta 11 ta binne 5. Muna zaune tsakar gida mu kusan takwas ta shigo da sandarta ko zama ba ta yi ba ta ce "Ina Maman Abba?" Wajen ya yi tsit, tun ranar da ya koma babu wanda ya sake faɗin sunan. Wata ta fara yi mata ido, Gwaggo ta ce ku bar ni, haihuwa ta yi ko ba haihuwa ta yi ba?

Ta ja ta ɗaki ni ma na bi su. Ta zaunar da ita a gefen gado ta ce "Ban samu zuwa suna ba jikata, gaya mani, da wa ya yi kama?" Ta ce hancin babanshi ne, yana da gashi har goshi, kuma in yana shan nono yana riƙe mata ɗan yatsa. A nan ta fashe, irin kukan da ake yi da dukkan jiki, ya fi awa ɗaya. Na yunƙura zan ce ta yi haƙuri Gwaggo ta ɗaga mani hannu. Da ta lafa sai tsohuwar ta fara lissafo nata guda biyar ɗin da sunayensu, wannan kwana 4 ya yi, wannan ta fara rarrafe, wannan ƙyanda ce ta ɗauke shi yana tafiya. Ta ce na farkon yau ya fi shekara 60 amma in ta ga sa'anninshi da furfura sai ta ce da yanzu haka yake. Ta ce "Kuma ban taɓa fasa sallah ba, ina kuka ina yi. Wa ya ce maki Allah na gudun hawaye?"

A daren na koma na buɗe abin da na sani na kuma sha koyarwa amma ban kai mata ba. Annabi (SAW) ya binne 'ya'yanshi duka in ban da Nana Faɗima. Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bayan hijira bai kai shekara 2 ba, Annabi ya ɗauke shi yana fitar rai idanunshi na zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce har kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma mu masu baƙin cikin rabuwa da kai ne ya Ibrahim. Yana cikin Buhari da Muslim. Annabi Yaƙub kuma ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunshi suka yi fari, ya ce ni Allah kaɗai nake kai ma ƙarar damuwata da baƙin cikina, aya ta 86 a Suratu Yusuf. Washegari na kai mata su, na kuma gaya mata abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska, jaririn da alƙalami bai hau kanshi ba babu hawayen da zai ƙona shi. Na ba ta haƙuri a kan yadda na ɗora mata hadisin bugun farko, na tuna mata cewa a bugun farkon innalillahi ce ta fito daga bakinta, ina wajen na ji.

Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu: asibiti

Kuka ya buɗe amma barci da cin abinci ba su dawo ba. Wata nas maƙwabciyarmu ta ce a kai ta a duba. An yi mata tambayoyi 10 na gwajin Edinbura da ake auna ciwon damuwa bayan haihuwa da shi, makin ƙarshe 30 ne, daga 13 zuwa sama ana ɗaukar abin da muhimmanci, ita ta samu 21. Da aka tambaye ta ko tana tunanin cutar da kanta ta ce a'a tana tsoron Allah, amma tana kwanciya da fatan kar ta farka. Aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kullum, aka ce sai an yi makonni kafin a ga aikinta, kuma kar ta yanke da kanta. Hajiya ta ce maganin mahaukata za a ɗura ma yarinya, mijin ne ya tsaya ya ce za ta sha. Mako 3 barci ya koma awa 5 zuwa 6.

Sannan muka nemi ganin likitan yara, ita da mijin da ni, ta yi tambayar kafur ɗin da bakinta. Likitan bai ɓoye ba, ya ce akwai wani sinadari a jini da ake ce ma G6PD, wasu ana haifarsu da ƙarancinshi, gado ne, yana da yawa a cikinmu kuma ya fi kama maza, irin waɗannan yaran kafur na iya farfasa masu jini shawara ta yi tsanani, amma ko babu kafur tana iya tsanani, kuma babu uwar da za ta gane da ido sai an gwada. Ya ce abin da ya fi yin illa jinkirin ne, kuma ke kin ce a kai shi. In Allah ya kawo wani a cire kafur daga gidan, a duba shi tun kwanakin farko, ido na sauya launi a taho ko tsakar dare ne.

A hanyar komawa mijin ya yi maganar da bai taɓa yi ba. Ya ce ya zo Daura ana gobe suna ya ga idon yaron, ranshi bai kwanta ba amma ya ji nauyin surukai, ga kuɗin rago a aljihu, ya yi shiru. Ya ce tun ranar da ya ɗauke shi zuwa maƙabarta yake jin nauyin nan a hannunshi, kuma duk Juma'a yana zuwa, kabarin na kusa da wata bishiyar bedi. Ita ba ta ma san yana zuwa ba, ta ɗauka ya manta. Suka yi kuka tare a cikin Keke Napep mai keken na jin su.

Yuni 2024 zuwa Janairu 2025

Addu'a ta dawo a hankali. Na koya mata ta Ummu Salama, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, wato Allah Ka ba ni lada a musibata Ka musanya mani da abin da ya fi shi, sai ta riƙa tsayawa a rabi, ta ce ita ba ta son wanda ya fi Abba. Na ce Ummu Salama ma da mijinta ya rasu cewa ta yi wane Musulmi ne ya fi Abu Salama, sannan daga baya ta faɗa. Ta yi kusan wata 2 tana karanta rabin, ban matsa mata ba, wata rana ta turo mani saƙo a WhatsApp ta ce Yaya yau na ƙarasa. Hadisin da ta fi riƙewa kuma na Tirmizi ne, wanda Allah ke ce ma mala'iku su gina ma bawan da aka ɗauki ɗanshi ya yi hamdala gida a Aljanna su sa mashi suna Baitul Hamdi.

Babbar sallah 16 ga Yuni ita ta yi suyar nama. Agusta ta dawo Islamiyya. Ta sa aka kawo mata akwatin daga Daura, ta wanke kayan sau 3 har warin kafur ya fita, ta bayar da su ta bar hula ɗaya, hoto kuma an samu guda a wayar wata ƙawarta. Disamba likita ya janye maganin a hankali, makinta ya sauko 7, nauyinta 56. Janairu da shekara ta zagayo ta yi kusan mako guda ba barci tana kuka, amma tana kukan a kan darduma hannu a sama, kuma ya wuce ba a koma magani ba. Har lokacin ba ta sake samun ciki ba. Barka tana zuwa yanzu, gidan suna ne dai har yau take aikawa da gudummawa ta zauna gida.

Abin da nake gani ya yi aiki da dalili

A ganina mun haɗa haƙuri da shiru muka maida su abu ɗaya, kuma wannan ne ya kusa raba ta da addu'a. Duk abin da aka yi mata a wata ukun farko, ɓoye kaya da goge hoto da hana kuka da za ki haifi wani, saƙo ɗaya yake isarwa, wai mai imani ba ta jin zafi, ita kuma tana ji, sai ta yanke ma kanta hukuncin cewa ba ta da imani. Gwaggo ba ta kawo aya ko ɗaya ba amma ita ta buɗe ƙofar, don ta tsaya gabanta a matsayin mace mai sallah da ta binne biyar kuma har yau tana jin su. Bayan nan ne ayoyi da hadisai suka samu wajen zama, kuma tun farko suna nan, ni ce na zaɓi wanda bai dace da ranar ba.

Maganin asibiti bai ba ta tawakkali ba, barci ya ba ta, kuma wanda ya yi wata 3 yana barcin awa 2 ko Fatiha da ƙyar yake tara hankali a kanta. Bayanin likita ma na ga ya yi abin da "ƙaddara ce" ita kaɗai ba ta yi ba. Kalmar gaskiya ce, amma da aka riƙa amfani da ita ana rufe tambaya sai tambayar ta koma ciki tana cin ta. Sai da ta san mi ya faru, ta san iyakar nata da abin da ba nata ba, sannan ta iya cewa ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al da zuciya ɗaya, kuma wannan bai hana ta zubar da kafur ɗin gidanta da na Innarta ba.

Inda muka gaza har yanzu mijin ne. Babu wanda ya yi mashi tambayoyi 10, babu Gwaggon da ta zaunar da shi, abokanshi na kasuwa sun ce Allah ya sa mai ceto ne suka koma ciniki. Na sa maigidana ya fara biya mashi ranar Juma'a bayan an sauko, yanzu su biyu suke zuwa wajen bedin.